Maryama Biyu, Gurbi Ɗaya

A gidan Alhaji Shaihu mai kemis, can bayan tashar Tambuwal, Maryama biyu ce. Ɗaya 'yarsa ce ta cikinsa, ɗaya kuma 'yar ƙanensa Siddiƙ na Kebbe, wadda aka ba shi riƙo tun tana shekara biyar. Dukansu sunan kakarsu aka sa musu. Da yake ba mai iya kiran sunan tsohuwa gatsau a tsakar gida, sai ake ce wa ta gidan Inno, ta Kebbe kuma Nasiha. Ranar da aka kai su firamare malami ya tambayi sunan uba, Alhaji ya ce a rubuta nasa ga su biyun, ai ɗan ƙane ɗa ne. Kowa ya yaba masa. Tun daga ranar duk takardunsu suna ɗaya suke ɗauke da shi: Maryama Shaihu Tambuwal.

Alhaji yana da buri guda. Yana so a sauke allon nan da aka rubuta kemis a kafa wanda aka rubuta famasi, kuma ba a kafa shi sai da mai digirin haɗa magunguna a wurin. Don haka da 'yan matan suka gama sakandare, bai tambayi kowa abin da take so ba. Famasi ya sa aka cike musu su biyun a takardar neman jami'a.

Sakamakon jarrabawar shiga jami'a ya fito suna tsintar shinkafa. Inno ta duba nata a waya ta tuntsire da dariya.

"Ɗari da hamsin da takwas! Wallahi injin wanga yana da kirki. Ni ko ɗari ban sa rai ba."

"Duba min nawa," in ji Nasiha.

Inno ta duba, ta sake dubawa, ta dire tire ta yi tsalle. "Ɗari biyu da saba'in da fuɗu! Ke 'yar Kebbe, mi kuke ci can da ba ku ba mu?"

"Abin da kike ci shi nike ci. Ke dai kina ci ki kwanta."

Bayan wata uku sunan ya fito cikin waɗanda aka ɗauka, kuma shi ne na farko a jerin sashen. Washegari bayan la'asar Alhaji ya kira su falo, matarsa Hajiya Saudat na zaune gefe tana gyaran ƙumba.

"To, Allah ya ba gidan nan gurbi," ya ce. "Na yi tunani, na yi istihara. Inno za ta tafi."

Inno ta zaro ido. "Ni, Baba? Ina?"

"Jami'a."

"Da ɗari da hamsin da takwas?"

"Da sunanki. Karanta takardar, ba sunanki ne ba?"

Nasiha ta ɗaga kai a hankali. "Baba, lambar tawa ce."

"Na sani. Wa yac ce ba taki ba ce? Amma Inno ta girme ki da wata bakwai, babba shi ka fara. Ke kuma Allah ya ba ki kai. Baɗi ki sake zama ki sake ci, mi ya rage ki? Ita kuwa ko shekara goma ta yi tana zama, abin da ta samu shi za ta samu."

"Wannan kam gaskiya ne," in ji Inno. "Shi ya sa nike cewa a bar ni in koyi ɗinki."

"Rufe min baki."

Hajiya Saudat ta hure ƙumbarta. "Ke Nasiha, kada ki zama mai rowa. Kan da kike taƙama da shi, tuwon wane gida ya gina shi?"

Ranar tantancewa Alhaji ya ɗauke su su biyun zuwa jami'ar, wadda ba sai an faɗi sunanta ba. Nasiha ce ta shiga layi, ta ɗora yatsa a na'ura, aka dubi fuskarta aka dubi hoton takardarta, aka buga hatimi. Da aka zo wajen katin ɗalibi, inda mutum ɗaya ke karɓar hotunan mutum ɗari yana zufa, sai Alhaji ya miƙa hoton Inno. Da ma suna kama, ga hijabi iri ɗaya. Da yamma aka bar Inno a ɗakin kwanan ɗalibai tana kuka don an bar ta, aka dawo da Nasiha Tambuwal tana kallon gonakin gero ta taga.

A satin ta hau mashin ta tafi Kebbe. Ta samu mahaifinta yana ɗaure damin dawa, ta durƙusa ta faɗa masa komai. Siddiƙ ya daɗe yana jan igiyar da ta riga ta ɗauru.

"Nasiha, na ba Yaya ke. Wanda ya ba da ɗa riƙo ba shi bin sawu yana tambayar yadda anka yi da shi. Abin kunya ne."

"Baba, karatuna ne."

"Shekara ɗaya ce yac ce, ko? Ki yi haƙuri. Yaya ba ya cutar ki."

Mahaifiyarta ta ƙulla mata daddawa da kuka a leda, ta raka ta bakin hanya, ba ta iya haɗa ido da ita ba.

Alhaji ya ce kafin baɗi ta zo, zaman banza ba kyau, ta riƙa taimaka masa a kemis. Taimakon shi ne ta buɗe ƙarfe bakwai ta rufe da magariba. Cikin wata biyu ta haddace kowane kwali da ke kan kanta, ta fitar da buhu guda na maganin da kwanansa ya ƙare, ta kuma fara hana mutane sayen kafso biyu-biyu suna cewa sun sha magani. Mata suka fara cewa a kai yaro wajen 'yar Alhaji, ita tana tambaya kafin ta bayar. Alhaji ya samu sarari, ya koma benci a waje yana hirar siyasa.

Inno kuwa kullum sai ta bugo.

"Ke, yau an kai mu ɗakin gwaji. Wani wari ya buge ni sai da na ga kakarmu."

"Mi anka koya muku?"

"Wa ya sani? Mutumin ya zana wasu zobba-zobba a allo kamar gidan zuma, yac ce wai ƙwaya ce. Ni ban taɓa ganin ƙwaya mai kusurwa shida ba. Na turo miki hoton. Akwai aikin gida, ranar Litinin za a karɓa. Don girman Allah, Nasiha."

Haka aka fara. Inno ta ɗauki hoton takardun darasi ta turo, Nasiha ta jingina waya da kwalbar maganin tari ta karanta tsakanin mai saye da mai saye, ta yi aikin ta mayar, Inno ta kwafe da hannunta. Aikin gida kullum tara cikin goma. Jarrabawa kuwa, inda ba waya ba Nasiha, sai abin da Allah ya yi. Shekarar farko da ƙyar da makin aikin gida Inno ta haye.

Lokacin rajista ya zagayo, Nasiha ta tunkari Alhaji a bencinsa.

"Baba, an buɗe rajista."

"Wace rajista?"

"Wadda kunka ce baɗi."

Ya gyara hula. "Na bincika. In kika sake shiga da lambarki da sakamakon sakandarenki, injin zai ga mutum ɗaya wuri biyu. Kina so a kori 'yar'uwarki? Ki bari ta ƙare."

"Shekara biyar ce karatun, Baba."

"An ci ɗaya, saura fuɗu. Ke da ke cikin magani safe da yamma, wace jami'a ta fi wannan? Je ki, ga mai saye can yana jira."

Ta koma bayan kanta. Mai sayen wata tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, ta dube ta ta ce, "Ɗiyata, mura kike yi?" Ta ce eh.

A aji biyu karatu ya daina wasa. A sashen nan ba a ci da ƙasa da hamsin, kuma aikin gida ba ya ceton kowa. Akwai malami ɗaya, Dakta Rufa'i, mai kula da jarrabawar sashen, wanda ya daɗe yana bincike a kan ko makin shiga jami'a yana nuna yadda ɗalibi zai yi in ya shigo. Inno ta zame masa abin misali.

"Wallahi na yi suna," ta gaya wa Nasiha a waya. "Ya tsayar da ni gaban aji yac ce ku dube ta, ta fi kowa maki wajen shiga, ta fi kowa faɗuwa bayan ta shigo. Wai ni ce hujjarsa cewa jarrabawar shiga ba ta auna komai. Har takarda zai rubuta a kaina."

"Kika ce mi?"

"Na ce Allah ya ba da sa'a, Dakta." Ta yi dariya, dariyar ta yanke. "Nasiha, na gaji. Kullum cikina ciwo yake. Na ce wa Baba a bar ni in dawo, yac ce in na dawo ba digiri kada in shigo masa gida."

Ƙarshen shekara Inno ta faɗi darussa uku. Dokar sashen ta ce za a ba ta dama ɗaya ta sake zama lokacin hutu. In ta sake faɗuwa, sallama. A gida ba wanda ya tambayi wanda ya tura ta. Nasiha aka tsare.

"Ke ce ba ki koya mata da zuciya ɗaya," in ji Hajiya Saudat. "Tun ranar da ta tafi kike kumbure-kumbure. Baƙin ciki ma yana kama mutum, ko ba a yi masa asiri ba."

"Mama, duk aikin da ta kawo na yi."

"To don mi bai zauna mata a kai ba?"

Alhaji ya ɗaga hannu. Ya riga ya gama tunaninsa, kuma da alama ya sake yin istihara.

"Ke za ki je ki zauna mata."

Nasiha ta dube shi. "In zauna wa wa?"

"Wa Maryama Shaihu. Ba ke ce ba? Ba ƙarya a ciki. Suna naki, lamba taki. Ki sa hijabinta, ki sa takunkumi ki ce mura kike yi. Kwana uku ne. Hamsin kawai nike so, kada ki yi min gwaninta."

"In anka kama ni fa?"

"A kama ki da laifin mi? Kin zama kanki?" Ya yi dariya shi kaɗai. "In kika ƙi, an kori Inno, kuma sunan da za a rubuta an kora naki ne. Ki yi tunani."

Wannan kam gaskiya ya faɗa, kuma ita ce gaskiya ɗaya da ya faɗa mata cikin shekara biyu.

Ta tafi. Safiyar Litinin ta shiga zauren jarrabawa da katin Inno a rataye, rabin fuskarta cikin takunkumi. Masu sake zama su goma sha ɗaya ne, kowa ya sunkuyar da kai yana fama da nasa tsoron. Aka raba takardar tambaya. Ta karanta ta farko, ta ga ta sani. Ta biyu ma ta sani. Ta uku ita ce wadda ta taɓa kwana biyu tana warwarewa a bayan kwalin sirinji. Ta manta da Alhaji, ta manta da hamsin, ta manta da takunkumin da ke fuskarta. Shekara biyu tana amsa wa Inno tambayoyi a ɓoye, yau ga tebur, ga fanka, ga biro, ba mai ƙwanƙwasa kanta yana neman maganin basir. Ta cika littafin amsa har bangon baya, ta ɗaga hannu.

"Malam, ƙarin takarda."

Dakta Rufa'i yana bakin ƙofa yana shan ruwa. Ya sauke gorar.

"Wa ya nemi ƙarin takarda?"

"Lamba ta bakwai," in ji Malama Hamdiya, mai tsaron zauren.

Ya tako ya tsaya a kanta. Ya ɗauki littafin ya buɗe shafi ɗaya, ya buɗe na biyu. Shekara guda yana duba takardun wannan ɗalibar, bai taɓa ganin ta wuce shafi biyu ba, rabinsu ma tambayar take sake kwafewa.

"Malama, duba min fuskarta."

Aka sauke takunkumi. Malama Hamdiya ta dubi kati, ta dubi fuska. Kama akwai, amma ta kati tana da wushirya.

"Yi murmushi."

Ba ta yi ba. Ba a kuma buƙata ba.

A ofis Dakta ya ce, "Ba ni son dogon zance. Mene ne sunanki?"

"Maryama Shaihu Tambuwal."

"Sunanki na gaskiya nake tambaya."

"Shi ne, Dakta."

"Yarinya, za ki iya kwana a hannun 'yan sanda yau."

"A ɗauko fayil ɗin," ta ce. "Wanda anka buɗe ranar tantancewa."

Aka ɗauko. Hoton da ke kan takardar jarrabawar shiga nata ne. Aka kai ta ta ɗora yatsa a na'ura, na'ura ta amsa. Dakta Rufa'i ya zauna, ya cire tabarau, ya daɗe yana murza ido.

"To wace ce na yi shekara ina zagi a aji?"

"Yayata ce. Ba laifinta ba ne, ita ɗinki take so."

Kwamiti ya zauna bayan sati biyu. An kira Alhaji, ya aiko cewa hawan jininsa ya tashi. 'Yan matan biyu suka tsaya su kaɗai. Dakta Rufa'i ya yi magana don kare Nasiha, har ya ce ya duba takardar don kansa, tamanin da shida ta samu ba tare da ƙarin takardar ba. Shugaban kwamiti ya ce ya ji, amma doka ba ta da gurbin tausayi: mai gurbi ta ɗora yatsa ta bar wa wata kujerarta, sannan ta shiga jarrabawa da katin da ba fuskarta ba. Aka soke gurbin. Aka rubuta sunan da lambar cikin waɗanda aka kora saboda maguɗi.

A mota Inno ta riƙe hannun Nasiha tun daga tasha har Dogon Daji tana roƙon ta yafe mata. Nasiha ta ce ba komai. Me za ta ce?

Hawan jinin Alhaji bai hana shi tsayuwa a tsakar gida yana ɗaga murya ba.

"Hamsin na ce miki! Hamsin! Wa ya aike ki neman ƙarin takarda? So kike a san ke ce mai kai, to an sani. Kin tona mana asiri, kin kashe karatun 'yar'uwarki, kin zubar min da mutunci a garin nan."

"Da ma na faɗa," in ji Hajiya Saudat. "Riƙon ɗan wani sai mai ƙarfin zuciya."

Kafin azahar an ɗaure kayanta a bayan mashin an mayar da ita Kebbe.

Yanzu a tsaya a duba abin da aka yi wa yarinyar nan, a kira shi da sunansa. Sata ce. Da akuyarta aka kwance da an tara mutane, da an je wajen mai unguwa, da liman ya yi huɗuba. Amma da yake abin da aka ɗauke ba ya kuka kuma ba ya barin igiya, sai aka sa masa wasu sunaye. Alhaji ya ce zumunci ne. Hajiya ta ce ladan tuwo ne. Maƙwabta, waɗanda duk sun san wadda ta ci jarrabawa tun ranar farko, suka ce sha'anin gida ne. Da abin ya fashe kuma bakinsu ya zo ɗaya: 'yar riƙo ta ci amana. Ba wanda ya tambayi ran wa za a ɗora a hannun Inno da ta lallaɓa ta fito da digirin, alhali ita da bakinta take cewa ba ta gane komai. Alhaji yana nan a sahun gaba, ana ba shi hannu biyu.

Kemis dai bai ji daɗi ba. Mata suka riƙa leƙowa suna tambayar ina yarinyar, in an ce ba ta nan su wuce gaba. Alhaji ya dawo bayan kanta yana neman tabarau kafin ya karanta kwali. Wata biyu ya iya daurewa. Ranar kasuwar Kebbe ya sa babbar riga ya tafi.

Siddiƙ ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya zauna a ƙasa kamar yadda ya saba tun suna yara. Nasiha ta kawo fura ta gaishe shi, ta koma bakin ƙofa ta tsaya. A hannunta akwai tawada, don yaran unguwa take koya wa lissafi da safe, tana jiran a gama mata rantsuwar kotu ta koma sunan ubanta ta sake sakandare daga jarrabawar ƙarshe, tana da shekara ashirin da ɗaya.

Alhaji ya sha fura ya goge baki.

"Siddiƙ, na yi tunani. Yaro ba ya wuce kuskure. Na yafe mata. Ta haɗa kayanta mu koma."

Siddiƙ ya dubi tabarma. Ya ciro wani zare da ya fito yana murzawa.

"Ka ji ni kuwa?"

"Na ji, Yaya."

"To?"

"Ba ta zuwa."

Alhaji ya ajiye ludayi. Shekara hamsin ƙanen nan bai taɓa ce masa a'a ba, ko a kan rabon gona.

"Mi kac ce?"

"Ba ta zuwa, Yaya."

"Shekara goma sha shida ina riƙon ta!"

"Mun ga riƙon."

Alhaji ya tashi ya kaɗe riga ya fita ba sallama. Siddiƙ ya bi shi da takalmansa har bakin mota, don ladabi bai bar shi ba. Da ya dawo ya samu 'yarsa tana ɗauke kwanon fura. Ya tsaya yana jiran ta ce wani abu, yana ganin yau kam ya yi abin a yaba.

Ta dube shi, ba fushi a fuskarta.

"Baba, kalma uku ce fa," ta ce. "Da kun faɗe ta ranar da na same ku kuna ɗaurin dawa, da yanzu ina aji uku."

Ta wuce ciki da kwanon.